Ranar da Kwamfutar Scholastica Ta Ƙi Buɗe Ido

Ka taɓa riƙe makullin ɗakin da abin da ke cikinsa ya fi ka daraja a idon wanda ya ɗauke ka aiki? Scholastica Shekari ta riƙe irinsa, a wata ƙaramar masaƙar barguna da tawul da ke Kakuri a Kaduna, inda ni ma nake aikin sito. Aikina ƙirga ne: dilolin zare, gwangwanayen rini, buhunan sitati. Saboda haka idan na ce maka a farkon 1987 akwai masu buga tafireta shida a ofishinmu, kuma zuwa damina ta 1988 saura biyu, to ka yarda haka ne.

Sikola muke ce mata, don sunan ya yi wa bakinmu tsawo. Mahaifinta daga wajen Zonkwa ya zo Kakuri lokacin da masaƙu ke neman ma'aikata ido rufe, ya tsaya gaban injin saƙa har ƙarar ta cinye masa kunne, sannan aka sallame shi. Ita ce babba a gidan. A Trikania suke, ciki da falo, ita da iyayenta da ƙannenta huɗu, kuma aikinta ne ke riƙe da gidan. Ta koyi tafireta a wata makaranta da ke saman wani shago a Makera, wurin wata malama mai tsanani wadda ke kifa wa ɗalibai kwali a kan hannu don kada su kalli haruffa. Wanda ya leƙa, sai ya ji rula a bayan yatsunsa. Sikola ta fito daga nan tana iya buga takarda cike tana kallon taga. Ranar Lahadi kuma tana cikin mawaƙan cocinsu, layi na biyu.

Da masaƙa ta sayo kwamfuta, ita aka tura kwas. Ta dawo ta tarar an sallami huɗu daga cikin abokan aikinta. Ba wanda ya ce mata na'urar ce ta kore su, kuma ba wanda ya ce mata na'urar ce ta riƙe ta. Ba sai an faɗa ba.

An yanke mata ɗaki da katako da gilashi a ƙarshen ofis, aka sa esi mai sanyaya ɗaki, na biyu ke nan a ginin duka bayan na manaja. Ba a shiga da takalmi. Ni na karɓi kayan a sito, na san su ɗaya bayan ɗaya: akwatin ƙarfe mai launin toka, ɗan talabijin da ke zama a kansa wanda muke kira allo, kibod mai maɓallai tamanin da huɗu, firinta, da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, mai nauyin tsiya. Wayoyi bakwai. A bayan akwatin akwai noti biyar, kuma a kan na tsakiya injiniyan da ya zo daga Ikko ya manna wata jar takarda. Ya ce duk ranar da takardar nan ta yage, kamfaninsu da na'urar sai dai gaisuwa. Manajanmu, Mista Tagwai, mutum ne marar yawan magana. A gabanmu ya miƙa wa Sikola makulli, ya ce daga ita sai shi, kuma idan abin nan ya mutu a hannunta, to ita da na'urar tare za su fita.

Ta lura da na'urar nan kamar jaririya. Ta saƙa mata mayafi. Ba ta shan ruwa a ɗakin. Ko tari ya zo mata sai ta juya baya.

Matsalar ta zo ta wajen shara. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar gari ce, ba mota ba tafiya da safe, kowa na gidansa yana yashe kwata. An yi ta raɗe-raɗin cewa duba-gari za su zagaya masaƙu a wannan karon, ɗaki-ɗaki. Manaja ya tafi Kano tun Juma'a wajen dillalai. Sikola ba ta da hanyar zuwa daga Trikania a lokacin da aka hana fita, ga shi ɗakinta ya yi ƙurar auduga, irin wadda ke shiga ko'ina a masaƙa. Sai ta ba Baba Lawal makulli. Shi ne masinjanmu, dattijo ɗan Makera wanda ya girme wa ginin kansa, kuma a harabar yake kwana ranar shara. Ta roƙe shi ya share ƙasa ya goge gilashi kawai, kada ruwa ya kusanci tebur. Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Litinin da safe ina cikin sito ina duba zaren da aka sauke, sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, ba takalmi a ƙafarta. Ta tako tun daga ofis a kan tsakuwa ba ta sani ba.

"Malam Audu, zo ka ga wani abu. Amma don Allah kada ka ɗaga murya."

Na bi ta. Ta danna babban jan makunnin da ke gefen akwatin, ba abin da ya motsa. Ta mayar, ta sake dannawa. Shiru. Manaja kuwa ya ce bayan azahar zai dawo, kuma yana son ya tarar da jadawalin masu aikin dare a kan teburinsa, wanda a cikin na'urar yake.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san yadda ake neman dila idan ta ɓata: ka fara daga inda ta shigo, ka bi ta hannu-hannu. Na ce mu fara daga bango. Muka durƙusa. Soket a kashe yake, filogin sitabilaiza kuma an zare shi an ɗora a kansa, an naɗe wayar tsaf. Ta saki wata doguwar ajiyar zuciya har ta yi dariya. Muka mayar, muka bi sauran wayoyin, ina ƙirgawa tana turawa, bakwai cif. Allurar sitabilaiza ta tashi ta tsaya inda take tsayawa. Ta danna jan makunni. Fankar ciki ta ɗauka, akwatin ya yi ɗan gurnaninsa, sannan ya yi ƙara guda, fit. Sikola ta yi alamar gicciye ta ja kujera.

Allo bai kawo komai ba. 'Yar fitilarsa kore tana ci, amma gilashin baƙi ƙirin, fuskokinmu kawai muke gani a ciki. Muka jira. Ta kashe, ta bari ta huta, ta kunna. Haka dai.

Ta leƙa ta yafito Baba Lawal. Ya tuɓe silifas ya shigo. Ya rantse ko ɗigon ruwa bai hau teburin ba, bai ja shi ba, bai ɗaga komai ba. Ya ce ya share, ya goge da busasshen tsumma, da aka ɗauke wuta ya zare filogi kamar yadda ya kamata, ya kulle. Duba-garin ma ba su zo ba. Ta ce ta gode, kada dai ya gaya wa kowa. Ya ce wa zai gaya wa? Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa tafiya, don shi ma ya san wanda aka ba makulli da wanda ba a ba ba.

Ɗakin gilashi ba ya rufa asiri. Kafin wani lokaci akawu biyu sun wuce sau uku-uku suna neman abin da ba su ajiye ba. Sai ga Sylvanus, mai gyaran wutar masaƙa, testa a aljihun riga, yana cire bot ɗinsa tun daga nesa. Tun ranar da aka kawo na'urar yake son ganin cikinta. Kuma kada ka ɗauka bai san aiki ba. Motar lantarki mai juya injin saƙa da aka ce sai an kai Ikko, shi ya sake naɗa mata waya a bayan ɗakin janareta, kuma rabin talabijin ɗin Kakuri sun bi ta hannunsa.

"Madam Kwamfuta, an ce 'yarki ba ta da lafiya, ba ki kira likita ba?"

Ta matsa ta ba shi wuri. Ya gwada soket, wuta lafiya. Ya buɗe filogi ya duba fis, lafiya. Ya aika aka ɗauko wayar butar shayin manaja, wadda bakinta iri ɗaya ne da na akwatin, ya canja. Ba bambanci, ya mayar da ta asali. Ya zare wayar da ke tsakanin allo da akwati, ya hura, ya duba ko wani tsinke a bakinta ya lanƙwashe, ya mayar ya ɗaure. Duk wannan daidai ne, har yau ban ga laifinsa ba. Da ya gama sai ya ce abin a ciki yake. Wataƙila wani kati ne ya ɗaga daga mazauninsa, ko ƙurar auduga ta taru. Noti biyar ne kawai. Takardar kuwa, zai ɗaga ta da reza da ɗan tururi, ya mayar, ko wanda ya manna ta ba zai gane ba. Ya ce ya yi wa abubuwan da suka fi wannan.

Sikola ta dubi agogon bango, ta dube ni. Na ce ni dai ban ce a yi ba, ban ce a bari ba, wanda ba wani taimako ba ne. Idan aka jira injiniyan Ikko, sai manaja ya buga waya, kuma tambayar farko ita ce wa ya shiga ɗakin. Idan aka buɗe aka gyara, shi ke nan. Idan aka buɗe takarda ta yage, ba ita kaɗai za ta tafi ba. Ta ce ya fara da waɗanda ba takarda a kansu.

Ya juya akwatin. Noti na farko ya fita, ya ajiye a kan mayafin. Na biyu ya fita. Yana 'yar waƙarsa ta coci a ƙasa-ƙasa, yana cewa a samo masa ruwan zafi. Da ya sa sukudireba a na uku sai ta dafa hannunsa.

"Oga Silba, dakata. A kunna mini ita sau ɗaya tukuna."

Ya ce an kunna ta ya fi sau goma, ko so take ta ƙone gaba ɗaya? Ta ce ta ji, a dai kunna. Ta ce mu yi shiru, ta rufe ido. Fanka, gurnani, fit.

"Malam Audu, kai da ba ka ɓata lissafi, sau nawa ta yi ƙara?"

"Ɗaya."

"Ɗazu fa?"

"Kowane kunnawa ɗaya."

Ta ce to ai haka take yi mata kowace safiya tun da aka kawo ta. Gurnanin ma shi ne, tsawonsa bai canja ba. A kwas an gaya musu idan na'ura na da ciwo a ciki takan canja kuka, ta yi biyu ko uku, ko dogo da gajere. Wannan kuwa duk abin da ta saba yi tana yi. Sylvanus ya ce mara lafiya ma yakan amsa gaisuwa.

Ta gyara zama kamar yadda malamar Makera ta koya mata, baya a miƙe, ta ɗora yatsu a kan kibod. Ta san abin da na'urar ke tambaya da safe ko ba ta gani ba: kwanan wata, sai lokaci. Ta danna babban maɓallin da ke tura umarni sau biyu ta wuce su. Ta buga sunanta, ta danna. Sannan ta kunna firinta, ta haɗa maɓallai biyu waɗanda ke aika duk abin da ke kan allo zuwa takarda.

Ban taɓa jin daɗin ƙarar firintar nan ba sai ranar. Ta yi ta tsiwa tana zarya, takarda na hawowa. Sikola ta yage ta riƙe da hannu biyu. Ga tambayar kwanan wata, ga ta lokaci, ga SCHOLASTICA, haruffa goma sha ɗaya ba kuskure ko ɗaya, kuma a ƙasa na'urar ta amsa da Turanci cewa ba ta san wannan umarni ba.

Sylvanus ya karɓa ya karanta, ya sosa ƙeya da testa.

"Kin ga rashin kunya ko? Kullum kina lulluɓa mata zane, yau ta ce ba ta san ki ba."

Ya yarda akwatin lafiyarsa ƙalau, ya ajiye maganar reza. Amma ya ce to allon ne ya mutu, kuma wannan fagensa ne, ai talabijin ne. Sai dai idan kwalbar ciki ce ta ƙone, ba inda za a samu irinta a wannan tsallaken kogin Kaduna, kuma a iya saninmu ba wani ofis a Kakuri mai irin allon da za a ara. Murnar ta koma. Za ta iya fitar da jadawalin a makance, wataƙila, amma manaja ba makaho ba ne. Zai shigo ya ga baƙin gilashi. Aka fara kiran sallar azahar daga masallacin bakin titi, ni kuwa na kasa tashi.

Zufa ce ta cece mu. Sylvanus ya share goshi ya ce wane irin ɗakin esi ne wannan, gara ɗakin janareta. Sai a lokacin muka lura duk mun jiƙe. Ni na ɗauka tsoro ne. Sikola ta ce ai ta kunna shi tun da ta shigo. Ta je ta duba: makunnin bango a kunne, amma abin murɗawa na jikin esin an mayar da shi can ƙarshe, kan sifili.

Baba Lawal daga bakin ƙofa ya ce shi ne. Ya faɗa ba tare da wata damuwa ba. Tun wata shekara da aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone fankoki da rediyon ofis, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya zagaya ya murɗe duk abin da ke murɗuwa zuwa ƙasa, don idan ta dawo ta tarar da komai a kwance. Fankokin sama tara, esin manaja, rediyo, hita. Kowa a ofis ya saba ya zo da safe ya ƙara wa fankarsa gudu, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ɗakin kwamfuta ne kawai bai taɓa shiga ba sai wannan Asabar.

Sikola ta matso kusa da shi, ta rage murya kamar mai tsoron amsar.

"Baba, a ɗakin nan, me da me ka murɗe?"

"Wancan na sanyi, 'yata. Sai biyun nan na ƙarƙashin talabijin ɗinki."

Ta sa hannu ƙarƙashin leɓen allon. Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwan murɗawa guda biyu a ɓoye, irin na ƙara sautin rediyo. Injiniyan Ikko ya saita su ranar farko, ita kuma da aka ce kada ta taɓa abin da ba a koya mata ba, ko sanin suna nan ba ta yi ba. Baba da tsummansa ya ji su. Bai ambata ba da safe don a wurinsa wannan kamar rufe taga ne, ba abin ba da labari ba.

Ta murɗa na farko har ƙarshe. Ba komai. Ta tsaya, ta goge tafin hannunta a jikin siket. Ta murɗa na biyu a hankali. Daga cikin baƙin gilashin wani kore-kore ya fara tasowa, ya zama layuka, ya zama haruffa, ga sunanta zaune, ga 'yar alamar da ke nuna wurin rubutu tana ƙiftawa a ƙasa tana jira.

Ba wanda ya yi ihu. Sylvanus ya ɗauki notinsa biyu ya mayar, ya juya akwatin, ya kwashi wayar butar shayi ya fice da bot a hannu. Ni na tafi salla. Da na dawo firinta na fitar da jadawali, motar manaja kuma na shigowa get.

Na tsaya a bakin gilashi da hujjar karɓar kwafin sito. Mista Tagwai ya cire takalmi ya shiga. Ya karɓi takardarsa ya duba. Ya zagaya bayan tebur kamar yadda ya saba duk ranar da ya dawo daga tafiya, ya shafa jar takardar da babban yatsa. Tana nan. Har ya juya zai fita sai ya dubi ƙasa, ya dubi gilashin da ke ƙyalli, ya dubi safarsa da ba ta ɗauki auduga ba.

"Wa ya share ɗakin nan?"

Tana iya cewa ita ce, da sassafe. Ni da ke tsaye ba zan ƙaryata ba, Baba ma haka. Ta miƙe tsaye ta ce Baba Lawal ne, ranar Asabar, ita ta ba shi makulli saboda duba-gari. Ta gaya masa abin da ya faru da safe, bi da bi, har notin Sylvanus biyu, ta nuna masa abubuwan murɗawar. Ba ta tsallake komai ba.

Ya sunkuya ya murɗa na biyun da kansa, rubutu ya ɓace. Ya mayar, ya dawo. Ya sake yi. Sannan ya miƙa hannu ya ce ta ba shi makullin. Na ga fuskarta ta zube. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya tambaye ta yadda aka yi ta san akwatin na da rai alhali ba ta ganin komai. Ta miƙa masa takardar da ke da sunanta. Ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu, ya ajiye makullin a kan kibod. Ya ce daga yau ita za ta riƙa share ɗakin da hannunta kowace Juma'a kafin ta tashi, kuma idan ya sake jin makullin ya kwana a aljihun wani, ba zai tambayi dalili ba. Ya sa takalminsa ya tafi.

Ta zauna ta kifa kai a gefen tebur, nesa da kibod, don ko a lokacin ba ta yarda hawaye ya ɗiga a kansa ba. Da yamma ta sayo filasta a kemis ta manne abubuwan murɗawar biyu. Baba Lawal ya ci gaba da zagayensa na fankoki, kuma ba wanda ya hana shi, don a kan fanka gaskiyarsa ce.

Sikola na nan har yanzu a ɗakin gilashi. Bana an ƙaro kwamfuta ta biyu, ita ke koya wa Dorcas, ɗayar mai tafiretar da ta rage, kuma darasin farko ba a kan kibod take yin sa ba. Sai ta sa ta durƙusa ta bi waya daga bango.

Na'urorin nan sun fara shiga ofisoshin Kaduna, wataƙila har naku. Idan akwai ɗaya kusa da kai, kada ka jira sai ta ƙi tashi. Gobe da safe, tun tana da lafiya, tsaya kusa lokacin da za a kunna ta. Ƙirga wayoyinta, ka san inda kowace ta fito. Saurari ƙararta ka riƙe ko sau nawa ce. Sa hannu ƙarƙashin allon da bayansa ka lalubo duk abin da ke murɗuwa, ka murɗa shi ƙasa har rubutu ya ɓace, ka dawo da shi. Gwada ka gani da idonka.